Sanarwar Rasuwar Rumbu, Ma'ajin Hotunan Shanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cinye fiye da rabinta, Alhaji Ja'afaru Dillali, mai shagon maganin dabbobi da kanwa a bakin kara, nan cikin Birnin Gwari, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, makiyaya da manoma, mahauta da dillalai, rasuwar na'urarsa ta ajiyar hotuna, wadda kowa ya sani da suna Rumbu. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi, a kan teburin shago, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Ya rasu yana da shekara huɗu a hannun Alhaji, ban da shekarun da ya yi a hannun wasu, waɗanda shi marigayin bai taɓa faɗa ba, wanda ya sayar da shi kuma ya rantse ba su fi biyu ba.

Ya tafi bai bar wasiyya ba. Abin da ya fi wannan ciwo, ya tafi bai bar hoton ko saniya ɗaya ba cikin shanun Bakoji, makiyayin nan na gefen Kutemeshi, su bakwai, waɗanda aka ƙwato daga daji, suke tsaye yanzu haka a garken kwamitin rabon shanu bayan kara, ana jiran Alhamis a faɗi mai su. Duk wanda wannan takarda ta iske ya riƙe zancen shanun nan a ransa, domin saboda su aka rubuta ta.

Ga wanda bai san marigayin ba, baƙin akwati ne na tsohuwar kwamfutar tebur, tsayinsa bai kai gwiwa ba, mazauninsa lungun shago tsakanin buhun kanwa da kwalin allurar shanu. An haife shi, ko a ce an tashe shi, shekarar da aka katse layukan waya a yankin nan saboda mutanen daji. Kowa ya tuna lokacin. Mutum ya hau dutse ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ya sauko bai samo komai ba sai ciwon kafaɗa. Kara tana rufe, dillanci ya tsaya, Alhaji ya koma zaman shago. Tun kafin nan yana da wata al'ada. Duk dabbar da ya je yi wa allura sai ya ɗauke ta hoto, dama da hagu, ƙaho, tsagar kunne, da tambarin wuta in akwai. Ya ga yadda ake kore garke guda tsakanin azahar da la'asar, ya kuma ga yadda in an ƙwato saniya ɗaya mutum biyar ke miƙewa kowa ya ce tasa ce. Hotunan suna tafiya wata ma'ajiyar kamfani da aka ce tana can sama. Da wayarsa ta faɗa rijiya a Kusasu ya sayi wata, aka ce masa hotunansa suna nan lafiya ƙalau, sai dai ba hanyar zuwa wurinsu sai layi ya dawo. Wata biyu yana jira. A cikin wata biyun nan sau uku aka yi rabon shanun da aka ƙwato, yana tsaye yana kallo, ba shi da abin nunawa.

Wata rana Malama Deborah, mai koyar da kwamfuta a wata sakandare ta cikin gari, ta shigo sayen maganin kajinta, ta tarar da shi yana faɗa da iska.

"Hatsin da ke rumbun wani, mabuɗi a hannun wani, wannan ba hatsinka ba ne," in ji shi. "Labarin hatsi ne."

"Baba Alhaji, to ka gina naka rumbun mana. A nan cikin shago. Ba ruwanka da sabis."

"Da laka zan gina ko da bulo?"

"Da tsohuwar kwamfuta da haƙuri."

"Kwamfuta dai ana sayarwa. Haƙurin fa?"

"Shi kai za ka kawo," in ji ta, "kuma ka kawo da yawa."

Da Alhaji ya san buhu nawa take nufi, da ya sake shawara. Aka sayo akwatin daga wani shagon buga takardu da ya rufe. Malama ta kwashe Asabar uku tana zuba masa manhaja, ta haɗa shi da 'yar rauta mai ƙaho biyu, na'urar da za ta sada shi da wayoyi, aka ja masa wuta daga sola. Tun daga nan, duk wayar da aka sa wa manhajar, da ta shigo shagon sai ta juye wa Rumbu hotunan da ta ɗauko, alamar kore ta fito, shi ke nan. Ko duniya duka ta rasa sabis, tsakanin wayar Alhaji da Rumbu akwai hanya.

A kan halin marigayin, gaskiya ba za ta ɓuya ba. Mai sammako ne. Da an taɓa maɓallinsa sai ya ce "fit", sau ɗaya tak, sannan ya kama "huuum" a hankali, kamar dattijon da ke gyaran murya kafin ya yi magana. Ba ya cin goro, ba ya tsegumi, ba ya kai sirrin garken wani kunnen wani. Ya san shanu, bunaji da rahaji, na mutum sama da ɗari uku, kowa da jakarsa da sunansa, bai taɓa faɗa wa baƙo yawan dukiyar kowa ba. A wannan ƙasa tamu, inda sanin yawan shanun mutum kan iya zama ajalinsa, wannan ba ƙaramin hali ba ne. Shi ne ya maido wa wata gwauruwa daga Kusasu shanun huɗarta biyu, bayan wani ƙato ya dafa su ya rantse har da hawaye. Aka buɗe Rumbu, ga bijiman nan, ga tabon karkiya a wuyansu, ga matar a tsaye bayansu riƙe da igiya. Ƙaton ya ce zai je ya kama ruwa, har yau bai dawo ba.

Daga wannan nasara ce Alhaji ya yi abin da yake cizon yatsa a kansa yanzu. A zaman kwamitin da dattawan gari suka kafa don rabon shanun da aka ƙwato, ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce rantsuwa ta yi araha, shaidar baki kuma ana sayenta da ƙwaryar goro, saboda haka a daina wahalar da kai. Ba hoto, ba saniya. Mutane suka ji daɗin maganar don gajeriya ce. Malam Nathaniel, tsohon hedimasta, wanda shi ne sakataren kwamitin, ya rubuta ta a littafi da jan biro, ya ja mata layi biyu. Ranar Alhaji ya koma gida yana jin kansa kamar wanda ya gina wa gari ganuwa.

An hana faɗin aibin mamaci. Amma wannan mamacin ba wanda zai tambaye shi a kabari, don haka a nan za a tambaye shi.

Marigayin yana da ciwon da ake kira sabuntawa. Duk bayan 'yan watanni sai ya fito da saƙo ya ce yana son a sabunta shi. In an ƙi, ya dami mutum kamar ƙuda a kan miki. In an yarda, sai ya rufe ƙofa ya bar kowa a waje, ya nuna farin shafi da layin Turanci ɗaya, sai Malama ta taso daga makaranta ta lallashe shi. Yana da mantuwar da ba ta dace da mai riƙon amana ba. Alhajin da ke ciyar da shi wuta, shi ne zai rubuta kalmar sirri akwatin ya ce bai san shi ba. A sake, ya ce bai san shi ba. A karo na uku ya kulle shi rabin sa'a, makiyayi na tsaye da sanda a kafaɗa yana jira, yana kallon Alhaji da akwatinsa kamar mai kallon mutum da jakinsa da ya ƙi tashi. Akwai lokacin da bijimi ɗaya na wani mutumin Gwaska ya zama uku a cikinsa, kowanne da wata doguwar wutsiyar suna, wai an samu saɓani tsakanin waya da Rumbu, shi ba zai yi hukunci ba, ya ajiye duka. Akwai lokacin da wani ɗan zobe ya kama juyawa a fuskar wayar tun ranar Talata, bai tsaya ba sai Juma'a. Zanzaro ya taɓa gina ɗaki a cikin fankarsa, ya yi zazzaɓi har ba a iya dafa shi. Tun daga nan, duk bazara, fankar shago guda ɗaya marigayin take kallo, Alhaji yana gefe yana fifita da kwali.

Hajiya Raliya, uwargidan Alhaji, ta kawo abinci wata rana ta ga haka, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni da na haifa maka takwas, ba a taɓa juya mini fanka ba."

"Ke ai ba kya mutuwa in kin yi zafi."

"Ka gwada ni ka gani," in ji ta, ta ajiye kwano ta fita.

Da aka yi wa Malama Deborah canjin wurin aiki zuwa Kafanchan, jinya ta koma ta waya. Idon Alhaji ya riga ya fara yana, boko kuma bai wuce abin da ya tsinta a gefen motocin shanu ba. Ta ce, "Baba Alhaji, me ya rubuta?" Ya ce, "Ya rubuta biyar da sifili biyu, sai wani abu mai kama da ƙugiya." Ta ce ya danna wancan. Ya ce wanne wancan, akwai wancan guda shida. Haka za su yi har katin ya ƙare. Duk da haka bai taɓa tunanin rabuwa da shi ba. Wanda ya gina rumbu da hannunsa ba ya rushe shi don ɓera ya shiga.

Kafin ta tafi ya roƙe ta abu ɗaya. An sami sauƙi, kara ta sake buɗewa, yana son hotunan duka su zauna a aljihunsa, in gardama ta tashi a tsakiyar kasuwa ya zaro waya ya kashe ta nan take, ba sai an taho shago ba. Ta yi masa. Ta yi wa wayar Malam Nathaniel ma, don kwamiti ya sami nasa. Ta kuma sa wa Rumbu faifai na biyu a ciki, tagwayen na farko, duk abin da wannan ya rubuta wancan ya kwafa. Ta ce masa yanzu wayarsa da Rumbu sun zama mutum da madubi, abin da ɗaya ya yi ɗayan zai yi. Ta faɗa, ba za a yi mata ƙarya ba. Sai dai ta faɗa ne ranar da ta faɗi abu goma sha biyar, direba yana mata hon a waje.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya shigo.

Duk ɗan garin nan ya san wankin waya. Shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin da ta zama, ba mai shiga mota sai ya wanke wayarsa tas, ya goge hoton gida, hoton shanu, saƙon banki, domin in aka tare mota wayar ake fara karɓa, da ita ake auna mutum. Mai hoton saniya ɗaya, garke ake lissafa masa. To ina ga mai hoton shanu dubu huɗu da ɗoriya? An ce hanya ta yi kyau yanzu, kuma ta yi, amma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Da can Alhaji yakan bar babbar wayar a gida ya tafi da 'yar ƙarama mai tocila. A wannan karon aikin ido za a yi masa a Kaduna, takardun asibitin kuma duk a babbar suke. Sai ya zauna a kujerar shago yana jiran direba, ya zaɓi jakar shanu gaba ɗaya, ya goge. Hankalinsa kwance. Ai asalin yana Rumbu.

Rumbu yana nan a lungu, taku biyu daga ƙafarsa. Ya ce "tirrr, tirrr", fitilarsa tana ƙiftawa da sauri kamar mai aikin gayya. Alhaji har ya miƙa hannu ya shafa masa kai, ya ce a yi gadi da kyau. Ashe a lokacin marigayin yana bin umarni ne. Ya ga maigida ya zubar, shi ma ya zubar. Tagwayensa ya ga ya zubar, shi ma ya zubar. Bayan kwana biyu Malam Nathaniel ya biyo ta shagon tambayar yadda aka yi aikin ido, wayarsa ta gaisa da Rumbu daga cikin aljihu, ita ma ta zubar da nata, bawan Allah bai sani ba.

An ce marigayin yana da kwandon shara, inda abin da aka goge ke zama kwana talatin kafin ya tafi har abada. Likita ya duba ido na biyu ya ce shi ma a yi masa. Alhaji ya yi kwana talatin da shida a Kaduna. Kafin ya tafi ya bar umarni mai ƙarfi kada a kuskura a kashe Rumbu, Hajiya Raliya kuma ta riƙe amana, kullum sai ta sa an share sola an duba batir. Akwatin da ya saba suma sau biyu a mako, wanda in hadari ya haɗu sai ya ɗauke numfashi, a wannan karon ya yi kwana talatin da shida a tsaye ko tari bai yi ba. Da ya yi halinsa ya mutu a kwana na goma, da hotunan suna nan. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi aiki ba fashi, kuma a kan wannan ne.

Alhaji ya dawo da idanu sababbi, yana karanta lambar mota daga tsallaken titi. Kwana uku da dawowarsa aka shigo da shanu daga daji. Da yamma sai ga Bakoji, ya jingina sandarsa a ƙofa, bai ko zauna ba. Shekara talatin ke nan suna tare, tun Bakoji yana da garken da sai an hau tudu ake ganin ƙarshensa. Bakwai ɗin nan su ne ragowar, su ma aka kore su bara.

"Kaɗo, tashi ka buɗe akwatinka. Na gan su. Farare shida da jar nan mai karyayyen ƙaho. Sun rame, amma su ne."

"Ɗan Fillo, zauna ka sha ruwa. Saniyar da ke cikin Rumbu ba ta ɓata."

"Ni dai buɗe. Na sha ruwa a hanya."

Alhaji ya buɗe. Abu na farko da gyararren idonsa ya gani tar, ba hazo ba yana, shi ne jakar shanu babu komai a ciki. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya kashe rauta ya kunna. Bakoji yana tsaye yana kallon fuskarsa, don shi ba ya karanta allo, fuska yake karantawa.

"Alhaji, ba su nan ko?"

"Suna nan. Wani abu ne ya ɗan..."

"Alhaji."

"Ba su nan."

Bakoji ya ɗauki sandarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Sau uku ka sa na kama maka jar nan, wai haske bai yi ba." Ya fita.

Washegari a gaban kwamiti sai ga wani baƙo mai baƙin tabarau, ba wanda ya san ubansa a garin nan, ya zo da hotunan shanun bakwai cif a wayarsa. Duk mai ido ya ga an ɗauke su ne ta saman shingen garken kwamiti, har dirkar shingen ta fito a biyu daga ciki, shanun kuma a rame suke kamar yadda suke yau. Alhaji ya nuna wannan. Baƙon ya ce shingen gidansa ne, dirka kuma duk ɗaya ce a duniya. Malam Nathaniel ya buɗe littafi ya juya shi ya fuskanci Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ni ma raina bai kwanta da mutumin nan ba. Amma ga doka. Shi yana da hoto, Bakoji ba shi da shi."

"Malam, kai ma ka san shanun nan."

"Na san su. Doka ce ba ta san ni ba. Kai ka kawo ta, da hannuna na rubuta, kana tsaye a kaina kana cewa in ƙara mata layi."

Iyakar abin da aka iya yi shi ne ɗaga hukunci zuwa Alhamis. Baki shi ke yanka wuya, sai dai wannan karon bakin na Alhaji ne, wuyan na wani.

Da aka kira Malama Deborah, ba ta bari ya gama bayani ba. Ta ce, "Baba Alhaji, kashe shi yanzu, cire wayar wutar, kada kowa ya taɓa." Ta ce abin da aka goge yakan bar sawu a kan faifai, in ba a taka wurin ba ana iya bin sawun. Ranar Asabar ta iso, tun daga Kafanchan, da jakarta da wasu wayoyi kamar hanjin akuya. Ta zaro faifan farko ta haɗa da kwamfutarta. Ta yi Asabar a kai. Ta dawo daga coci ranar Lahadi ta ci gaba. Wani layi yana tafiya a kan allo, tafiyar hawainiya, Alhaji yana zaune yana kallonsa kamar mai jiran naƙuda. Ranar Litinin da hantsi layin ya kusa rabi, sai aka ji wata murya da marigayin bai taɓa yi ba. "Ƙas. Ƙas. Ƙas." Ya yi shiru. Ya sake, "ƙas, ƙas." Malama ta ɗora kunne a kansa, ta ɗago ta cire gilashinta.

Aka juya kan tagwayen. Ashe shi tuni ya cika wurin da wasu tarkacen rubuce-rubucen da manhajar ke yi wa kanta, ya tattake sawun gaba ɗaya. Aka maida komai cikin akwati aka danna maɓalli. Bai ce "fit" ba.

Abin da aka tsamo kafin rai ya fita hoto goma sha huɗu ne. Biyar babban yatsan Alhaji ne ya rufe su. Uku na wani rago ne da aka yanka tun Sallar bara waccan. Akwai rabin saniya daga cibiya zuwa wutsiya, sauran rabin toka-toka, ba mai iya cewa ta wane ce. Sauran kuwa hoton buhun kanwa ne, ba wanda ya san dalilin ɗaukarsa. Malama ta zauna ta yi tagumi ta ce laifinta ne, da ta sa an ajiye kwafi ɗaya a wani faifai da ba ya jone da komai, a cikin adaka, inda ba zai ji abin da 'yan'uwansa ke yi ba. Alhaji ya ce ta daina. Ita ta faɗi zancen madubi, shi ne ya ji da kunne ɗaya. Kuma ba ita ta miƙe a gaban dattawa ta ce a kori shaidar mutane ba.

Marigayin ya rasu ya bar rauta ɗaya mai ƙaho biyu, wadda har yanzu take ƙifta ido tana neman wanda za ta kai wa saƙo. Ya bar tagwayensa, lafiyayye, cike da abin da ba ya amfanar kowa. Ya bar batir biyu da sola ɗaya, waɗanda Hajiya Raliya ta riga ta ce gadonta ne, kuma ba a sami mai ja da ita ba. Ya bar wayoyi goma sha ɗaya masu ɗauke da manhajarsa, kowacce tana nuna jan gicciye a inda alamar kore take da. Ya bar kalmar sirri a rubuce a bayan kalanda, wadda yanzu Alhaji ya haddace sarai, ba inda za a shiga da ita. Ya bar makiyaya da manoma sama da ɗari uku da suka kama masa dabbobinsu a rana suka juya su dama da hagu, waɗanda Alhaji zai bi ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu da bakinsa. Ya bar Bakoji, wanda tun ranar yake zuwa bakin garken kwamiti da ɗaurin harawa a ka, yana zuba wa shanun da doka ta ce ba a san ko nasa ne ba. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya kuma raba mu da mai biyayyar da ba ya tambaya.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba wanka, ba likkafani, ba salla, kuma a daina sa shi cikin irin wannan magana. Saboda haka ga yadda aka tsara.

Za a ɗauko gawar daga shago ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, a cikin baro, Alhaji da kansa zai tura. Ba za a bi ta maƙabarta ba. Za a bi ta tsakiyar kara, a wuce layin mahauta, a sauke ta a kan teburin kwamiti, a gaban littafin Malam Nathaniel. A nan Alhaji Ja'afaru zai cire hula ya faɗa da ƙarfi, yadda na baya zai ji, cewa dokar da ya kawo ya kawo ta ne bisa dogaro da wannan da ke kwance, ga shi kuma ya mutu, yana roƙon dattawa su binne su tare, a koma sauraron mutane. Wanda yake da dariyar da ya tanada tun ranar da aka kafa dokar, ya zo da ita, ranar biya ce, ba za a hana kowa ba.

Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar gudummawa, ba kuma zaman makoki. Abin da iyalan marigayin ke roƙo shi ne masu rakiya. Duk wanda ya taɓa kiwo kusa da Bakoji, ko ya sayi nono a rugarsa, ko ya shayar da dabba a mashaya ɗaya da shi, ko jar nan mai karyayyen ƙaho ta taɓa shiga gonarsa har suka yi rigima, ya zo ya tsaya ya faɗi abin da ya sani. Masu rigimar ma an fi son su, don ba wanda ya san saniya kamar wanda ta ci wa dawa. Wanda yake da tsohon hoton suna ko na biki da aka ɗauka a rugar, ya duba bayan mutanen da ke ciki, wataƙila akwai ƙaho. Mata su zo, Kirista da Musulmi su zo, wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba ya zo, akwai mai fassara.

Mutanen Kutemeshi su yi sammako, kada su tsaya jiran mota ta cika, in babur ne a hau. Kwamiti yana zama ƙarfe goma daidai, baƙon nan kuwa an ga ya riga ya kawo motar ɗaukar shanu ya ajiye a bakin garke.